An yi kandi, an ci shinkafa: Walimar gama sakandare a Kinkinau da abin da ke biyo bayanta

Duk wanda ya ratsa Kinkinau ko maƙwabciyarta Unguwar Mu'azu a ranakun Asabar da Lahadi na watannin Yuli da Agusta, da wuya ya fita bai ci karo da kanofi a ƙofar wani gida ba. Za ka ga kujerun roba a jere, ƙamshin dafa-duka na tashi daga tsakar gida, yara na ta kai-komo da kulolin zoɓo da kunun aya, manya kuma na ɗaga kai sama suna roƙon Allah kada hadarin da ya haɗo ya sauko kafin baƙi su watse. In ka tambaya, sai a ce maka ai yaron gidan ne ko yarinyar gidan ta yi kandi, wato ta kammala aji shida na sakandare.

Wannan walima ta zama ruwan dare a cikin garin Kaduna, har ta kai ɗalibin da ba a yi masa ba yakan ji kamar an rage masa wani abu. A wannan makon shafinku ya duba daga ina al'adar ta samo tushe, wa ke ɗaukar nauyinta, da kuma abin da ya kamata ɗalibi ya sa a gaba da zarar an naɗe kanofi an mayar da kujeru.

Shekara 12, zango 36

Kafin mu kai ga shinkafa, mu fara da lissafi. A tsarin 6-3-3-4 da Najeriya ta fara aiki da shi a 1982, yaro zai yi shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare. Shekara 12 ke nan, kuma tunda kowace shekara tana da zango uku, wanda ya yi kandi ya ga farkon zango da ƙarshensa sau 36. Ba a ma sa shekarun nazare a ciki ba.

Mu ɗauki misalin gida irin wanda kowa ya sani a Kinkinau. Baba yana da shago a Kasuwar Barci ko kuma ma'aikacin gwamnati ne mai jiran ƙarshen wata. Mama tana ɗinki a cikin gida, ko tana ƙulla kunun aya ana kai mata bakin titi. A cikin zangon nan 36 babu ko ɗaya da ya zo bai zo da buƙata ba: yau yunifom ya yi kaɗan, gobe takalmi ya tsinke, jibi an ce a sayi littafin lissafi, ga kuɗin Keke, ga kuɗin tara na kowace safiya. Da aka zo aji shida kuma sai ga kuɗin rajistar WAEC da NECO da JAMB sun taho kusan a tare. A gidaje da dama, a nan ne Mama ke roƙon a ba ta ɗaukar adashi kafin lokacinta, Kawu ya turo wani abu daga Abuja, Yaya ya haƙura da sauya waya.

Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa ranar walima za ka ga murnar Mama ta fi ta mai kandin, har ta riƙa share ƙwalla da gefen mayafi. Kai ka zauna a aji ka rubuta jarrabawa, amma gidan gaba ɗaya ne ya yi shekara 12 yana ɗauke da kai.

Daga allon zayyana zuwa hula mai tuntu

Wasu na ganin bikin gama makaranta baƙon abu ne da muka aro daga Turawa. Doguwar rigar yaye da hular nan mai kusurwa huɗu da tuntu kam daga can suka zo, domin asalinsu tufafin malamai da ɗaliban tsofaffin jami'o'in Turai ne irin su Oxford da Cambridge na Ingila. Amma taruwar dangi don murnar kammala karatu, wannan tun kaka da kakanni muke yi.

Tambayi Kaka yadda ake walimar saukar Alƙur'ani. Yaro zai fara daga gajerun surori yana hawa izifi bayan izifi, har ya cika sittin. Ranar sauka sai a yi masa allon zayyana mai ado da launuka, ya zauna a gaban malamai da dattawan unguwa ya karanta, a yi addu'a, a raba sadaka, wanda Allah Ya hore masa ya yanka rago ko sa. Daga nan sai ya ɗauki allonsa ya bi gidajen dangi yana nunawa ana ba shi kyauta, domin zumunta a ƙafa take.

Akwai wani abu a wannan al'ada da ya kamata kowane ɗan aji shida ya lura da shi. Abin da ake rubutawa a allon zayyana shi ne Fatiha da farkon Baƙara, wato farkon Littafin. Ana yi wa yaro murnar gamawa, amma abin da ke hannunsa shafin farko ne. Kuma haka abin yake a aikace, domin bayan sauka ne ake komawa tilawa, a shiga littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala.

Ko hular ma muna da tamu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don karantar da matan karkara. Matar da ta amince da iliminta takan naɗa ta Jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, alamar an ba ta izinin ta je ta koyar da wasu. Ashe tun kafin hula mai tuntu ta iso ƙasar nan, an san a sa wa mace hula saboda ilimi. 'Yan mata masu kandi a bana, ku riƙe wannan.

Yadda ranar take kasancewa

Yawanci abin kashi biyu ne. Da safe makaranta ke yin nata bikin yaye ɗalibai, inda shugaban makaranta zai yi jawabi, a ba da kyaututtuka ga waɗanda suka yi zarra a darussa da ladabi da tsafta, shugabannin ɗalibai masu barin gado su miƙa wa 'yan aji biyar ragama. Iyaye na zaune suna miƙa wuya don su hango nasu a cikin layi.

Bayan la'asar sai a dawo gida. Tun daren jiya Gwaggo da Inna da matan maƙwabta suka kwana suna gyaran kayan miya da suyar cincin da dubulan. Wani gidan waina da miyar taushe ake yi, wani gidan shinkafa da kaza a robobi. A gayyato malamin Islamiyya ko limamin masallacin layi ya buɗe taro da addu'a, ya yi 'yar nasiha. Maƙwabtanmu Kirista kuma sukan kai godiyarsu coci ranar Lahadi kafin a dawo gida a ci abinci. Sai Baba ya miƙe ya yi wa jama'a ban gajiya, kowa na cewa Allah Ya sanya albarka, Allah Ya sa a amfana. Baffa ya miƙa ambulan, Gwaggo ta ba da turmin atamfa, Yaya ya ce akwai alƙawarin waya in sakamako ya yi kyau. Mai hoto na ta haska fitila, kafin magariba hotuna sun cika WhatsApp.

Abu ɗaya da akan manta a irin wannan rana shi ne malamai. Malamar da ta koya maka haɗa baƙi a aji ɗaya na firamare wataƙila tana nan a unguwar, kana wuce ƙofar gidanta kullum. Kai mata roba ɗaya ta abinci, ka durƙusa ka ce, "Malama, na gama, na zo godiya," ya fi hoto ɗari daraja, kuma ba ya cin ko sisi.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kuɗi. Makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu, sukan yanka wa iyaye kuɗin yaye, na hayar riga, na hoto da na mujallar aji. Ɗalibai kuma su fitar da anko, wani lokaci har kala biyu. A dawo gida ga hayar kanofi da kujeru, ga kayan abinci, ga kwalliya da lalle, wani ma ya ce sai an kama zauren taro an ɗauko mai kiɗa saboda haka aka yi wa abokinsa.

Korafin iyaye kan wannan nauyi ya kai kunnen hukumomi. A 2025 Gwamnatin Jihar Imo ta hana bikin yaye ga 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ta bar shi ga 'yan aji shida na firamare da na sakandare kaɗai, kuma dalilin da ta bayar shi ne rage wa iyaye kashe kuɗi.

Ga tambayar da ya kamata ka yi wa kanka kafin ka ɓata rai a kan anko: kuɗin da za a kashe a yini ɗaya, me zai iya yi nan da wata uku? Gaba akwai katin duba sakamako, akwai kuɗin tantancewar jami'a, akwai kuɗin mota zuwa Zariya ko Kafanchan, akwai kuɗin rajista da na ɗakin kwana in an samu gurbi. In kuma wani darasi ya ba da matsala, akwai kuɗin sake zama. Duk daga aljihun da aka yi walima za su fito. Ɗalibin da ya je ya sami mahaifinsa ya ce, "Baba, a yi addu'a kawai a gida, a ajiye sauran saboda rajista," ya nuna cewa shekara 12 ɗin nan ba a banza suka tafi ba.

A kuma kula da liƙi. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa Naira da tattaka ta a wurin biki, kuma hukuncin shi ne ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla Naira 50,000 ko duka biyun. Mai son yin kyauta ya sa a ambulan ya miƙa hannu da hannu.

Ranar maka

Kafin walimar gida akwai wata rana da ɗalibai suka ƙirƙira wa kansu, wato ranar da aka fito daga takardar ƙarshe. A sa farar riga, kowa ya riƙe maka, a yi ta rubuce-rubucen ban kwana a jikin juna. Asalin abin daga manyan makarantu ya gangaro zuwa sakandare.

Son ajiye abin tunawa da abokan da aka yi shekara 6 tare ba laifi ba ne. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya: cika Keke maƙil ana lilo a jikinsa, tseren babur a kan titi, samari na rubutu a jikin 'yan mata ba kunya, a ɗauki bidiyo a watsa a TikTok. Duk wanda ya san titin Nnamdi Azikiwe, wanda muka fi sani da Baifas, ya san hanyar tireloli da tankoki ce, ba filin wasa ba. A 2025 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta irin wannan shagali a sakandaren jihar baki ɗaya saboda rashin tarbiyya da ɓarnar da ake yi a cikinsa.

Akwai hanya mai sauƙi. Sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, kowane ɗan ajinku ya rubuta maka sunansa da addu'arsa da abin da yake burin zama. Riga za ta koɗe ko ta zama tsumman goge-goge, littafi kuwa za ka buɗe shi bayan shekara 20 ka yi dariya. Bidiyon da aka ɗora a intanet shi ma ba ya gogewa, kuma ba ka san wanda zai gan shi ranar da kake neman aiki ko aure ba.

Ana biki, sakamako bai fito ba

Wani abin da ba a cika faɗa a wurin walima ba shi ne, galibi ana yin ta ne kafin a ga sakamako. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, takan yi jarrabawarta daga wajajen Afrilu zuwa Yuni, sakamako ya fito a Agusta. NECO, wadda aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, takan biyo baya a Yuni da Yuli, nata sakamakon kuma ya fi jinkiri. Masu karatun Larabci da addini suna da jarrabawar NBAIS, 'yan makarantun fasaha kuma NABTEB. Ke nan ranar da ake cin shinkafa, takardarka tana hannun masu maki.

Ga abin da ake nema. Darajojin sakamako tara ne: A1, B2, B3, C4, C5 da C6 su ne kiredit, D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 faɗuwa. Don shiga jami'a ana buƙatar kiredit 5 da suka haɗa da Turanci, da kuma Lissafi ga masu karatun kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, a zama ɗaya ko biyu. Sauran kuma dole su dace da abin da za ka karanta. Mai son likitanci sai da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama a zama ɗaya suke so. Mai son aikin lauya sai da Adabin Turanci.

Sai JAMB, wadda aka kafa a 1978. Jarrabawarta darussa 4 ce, Turanci dole, jimillar maki 400, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Ba a rajista sai da lambar NIN, kuma shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga babbar makaranta. Ga wani wuri da ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, wanda ya yi rajista da jiran sakamako dole ya je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora masa shi, in ba haka ba tsarin CAPS ba zai ba shi gurbi ba ko da makinsa ya kai. In an ba ka gurbin kuma, sai ka shiga da kanka ka karɓa. Ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da JAMB da takardar sakamako, domin harafi ɗaya kan jawo zirga-zirgar watanni.

In kuma sakamako ya zo da D7 a Lissafi bayan an riga an ci kaza an yi hotuna fa? Abin da ciwo, kuma kunyar haɗa ido da Gwaggo kan sa wasu su ɓoye gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Faɗa wa iyayenka tun ranar, domin WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, WAEC ma tana da wata a farkon shekara, kuma ana iya haɗa sakamako biyu. Iyaye su ma a ji tausayi. Walimar da aka yi ta shekara 12 ce da yaro ya jure, darasi ɗaya bai soke ta ba.

Ƙofofin da ke kusa da gida

Ɗan Kinkinau ya yi sa'a, domin ba sai ya yi nisa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana nan Tudun Wada, ta faro ne a 1956 a matsayin cibiyar koyon fasaha, ta zama foliteknik a 1968. A can ana yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita aikin sanin makama shekara 1, a dawo babbar difloma shekara 2. Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, an kafa ta a 2004, tana da harabobi a Kaduna da Kafanchan. Mai sha'awar aikin soja ga NDA, wadda aka kafa a 1964, ga kuma cibiyar fasaha ta sojojin sama, AFIT. A Zariya akwai Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 da Foliteknik ta Nuhu Bamalli, a Gidan Waya kuma akwai Kwalejin Ilimi ta jiha. Wanda bai samu shiga kai-tsaye ba yana iya bin shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke kai mutum aji biyu na jami'a in ya ci.

Ga wanda kuɗi ne matsalarsa, tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ake fara biya shekara 2 bayan kammala hidimar ƙasa. A karanta sharuɗɗan tare da iyaye kafin a cike, domin bashi bashi ne.

Akwai kuma makarantar da ba ta tambayar makin JAMB. Tsohuwar kasuwar Panteka, wadda ke daura da Foliteknik, cike take da masu walda da kafintoci da maƙera da masu ƙera tukwane da injuna, kuma da yawansu da yaran da suka koya a hannunsu suke alfahari. Kasuwar Barci ga teloli. Ga gyaran waya, ga haɗa sola, ga aikin kwamfuta, ga girke-girke da gashin kek. Tsakanin kandi da shiga babbar makaranta akan yi watanni ana jira, wani ma shekara. Wanda ya kwashe su yana barcin safe da latsa waya a bakin layi zai shiga jami'a hannu rabbana. Wanda ya je wurin mai gida ya durƙusa ya koyi sana'a, shi ne zai riƙa sayen takardun darasi da kuɗinsa ba sai ya bugo waya gida ba.

Ga 'yan mata, a wasu gidajen maganar aure kan taso tun ba a wanke tukwanen walima ba. Wannan shawara ce ta iyaye da 'yarsu, amma ki sani kina da bakin magana cikin ladabi. Ki sami Mama ko Gwaggon da Baba ke jin maganarta, ki faɗa musu abin da kike son karanta da inda ake yin sa da shekarun da zai ɗauka. Asibitocinmu na neman likitoci mata da ungozoma, makarantunmu na neman malamai mata, kuma mata da dama suna karatunsu daga ɗakin aurensu in an yi yarjejeniya tun farko.

Saƙo ga masu tasowa

'Yan aji huɗu da aji biyar da kuka sha zoɓo a walimar yayyenku, baɗi ko baɗin baɗaɗa taku ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka san darussan da burinka ke buƙata, ka je ka yi NIN ka duba an rubuta sunanka daidai, ka fara sabawa da kwamfuta ko da a shagon unguwa ne, ka kuma daina gudun ajin Lissafi. In lokacin ya zo, ku zauna da Baba da Mama ku tsara walimar da aljihun gida zai iya ɗauka, a gayyaci dangi da malamai, a ci abin da ya sawwaƙa.

Ga waɗanda suka yi kandi a bana kuwa, daga Kinkinau har sauran unguwannin Kaduna, shafinku na taya ku murna tare da iyayenku da malamanku. Allah Ya ba da sakamako mai kyau, Ya sanya albarka a abin da aka karanta, Ya kuma saka wa iyaye da alheri.